Mai Gari da Jama'arsa: Abin da Ke Sa Aikin Raya Karkara Ya Ɗore

 



Kwanakin baya, mun tashi daga karatun tsakanin magariba da lisha, sai wani ɗalibina ya tsaya bai tafi ba. Yaro ne ɗan ƙauye da ya zo birni neman ilimi. Ya ce, "Allah gafarta malam, ina da tambaya, amma ba ta cikin littafi ba ce." Na ce ya yi. Ya ce tun yana ƙarami yake ganin motocin furoje suna shiga garinsu. An haƙa masu rijiyar famfo, an gina bankin cimaka, an kawo injin niƙa don mata. Yau famfo ya mutu, bankin cimaka awaki ke kwana a ciki, injin kuwa ba wanda ya san inda ya shiga. Allunan da aka kafa da sunayen masu taimakon ne kawai suka saura. Amma garin da ke gabas da su, wanda bai fi su ruwan sama ba, bai fi su ƙasar noma ba, nasu famfon yana ba da ruwa har gobe. Ya ce, "Malam, mu Allah ne bai nufe mu da arziki ba?"

Na ce masa arziki na Allah ne, babu ja a kan wannan. Amma kada mu ɗora wa ƙaddara abin da hannuwanmu suka aikata. Idan garuruwa biyu suka sami taimako iri ɗaya, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya zubar, to a duba yadda kowannensu yake yanke shawara da yadda yake riƙon dukiyar jama'a. A kan wannan nake son mu yi magana a wannan fitowa, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen Nijar a karkara suke zaune, kuma mu da ke birni akasarinmu can iyayenmu suke.

Laifin da ni ma na yi

Zan fara da kaina, don kada a ce malam yana wa'azin abin da bai sani ba. Shekarun baya, ina limancin garinmu, wata ƙungiyar agaji ta gina mana bankin cimaka, ta cika shi da hatsi. Aka kafa kwamiti da gaggawa, a zama ɗaya, don baƙin suna sauri su koma. Mai gari ya nuna wane da wane, kowa ya ce "to". Ni aka ce in zama mai shaida, saboda ana ganin liman ba zai yi ƙarya ba.

Ban yi ƙarya ba, ban kuma ɗauki ko tiya ɗaya ba. Amma na ga lokacin da aka fara buɗe ƙofar da dare ana ba manya bashi. Wannan zai aurar da ɗiyarsa, wancan an yi masa haihuwa, wancan surukin wane ne. Ba a rubuta ba, don rubuta sunan babban mutum a littafin bashi ana ganin cin fuska ne. Na gani, na yi shiru saboda kunya, ina ce wa raina za su biya da kaka. Kaka ta zo ta wuce, kaɗan suka biya.

Da damina ta yi tsakiya, rumbuna suka ƙare, hatsi ya yi tsada a kasuwa, ranar da aka gina bankin dominta ta zo. Wata tsohuwa mai riƙon marayu ta zo ƙofar gidana da ƙwaryarta da ƴan kuɗinta ƙulle a bakin zane, ta ce, "Malam, an ce kai ne shaida, yaushe za a buɗe?" Wallahi har yau ban manta yadda na rasa abin da zan ce mata ba. Na auna mata daga nawa, amma ba ita kaɗai ba ce a garin. A shekarar, magidanta da yawa sun bar gonakinsu ba noma, suna yi wa wasu ƙwadago don su sami abin ci na yini. Wasu sun sayar da hatsinsu tun yana tsaye a gona, da arha. Kun ga yadda talauci ke haifar da ɗan'uwansa.

Ba ɓarawo ne ya fasa bankin nan ba. Abubuwa uku suka cinye shi: mutum ɗaya ya naɗa kwamiti, ba a karanta lissafi a gaban jama'a, kuma masu gani suka yi shiru.

Su wa ke riƙe da gari?

Gari a yau ba hannu ɗaya ke riƙe da shi ba, kuma wanda bai fahimci haka ba zai ta neman abu inda ba ya nan.

Akwai mai gari. A tsarin Nijar magidanta ne ke zaɓensa daga cikin masu haƙƙin gadon sarautar, gwamnati ta tabbatar da shi. Shi ke karɓar lanho, shi ke sasanta rigimar gona da ta iyaka da ta zaman tare, shi baƙo ke fara sauka a ƙofarsa. Doka ta ba shi ikon sulhu, ba ikon yanke hukunci irin na alƙali ba. Idan sulhu ya faskara, magana ta wuce wurin sarki, daga nan zuwa kotu. Haka hardo yake a wajen makiyaya.

Akwai ƙaramar hukuma, wato kwamin. A shekarar 2004 aka yi zaɓen farko na ƙananan hukumomi 265, don a kusanto da mulki ga talakawa. Doka ta ba sarakunan gargajiya kujerar ba da shawara a majalisunsu. Ko zaɓaɓɓen magajin gari ne ke riƙe da kwamin, ko wakilin da gwamnati ta naɗa, a can ake tsara abin da ya shafi lakkwal da ɗakin shan magani da kasuwa da rijiya. Garin da ba ya zuwa can da buƙatarsa a tsare, sai ya ji labarin rabo bayan an gama.

Akwai ma'aikatan gwamnati: malamin gona, malamin dabbobi, ma'aikacin gandun daji, likita, malamin lakkwal. Su ke da ilimin sana'ar. Akwai ƙungiyoyin agaji, su ke da kuɗi, amma kwanansu ƙidayayye ne, shekara uku ko biyar su tattara su tafi. Sannan akwai jama'ar gari da kansu, manoma da makiyaya, mata da samari, da liman da ladaninsa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da abin da saura ba su da shi. Mai gari yana da girma da sanin tarihin kowace gona, amma ba shi da kuɗi. Furoje yana da kuɗi, amma bai san wace unguwa ce ba ta ga maciji da wace ba. Malamin gona ya san iri da taki, amma ba shi zai kwana yana gadin shuka ba. Matan gari su suka san ranar da famfo ya fara ƙara kafin ya mutu, don su ke zuwa ɗiban ruwa. To abin da ake nufi da mulkin haɗin gwiwa ke nan: waɗannan duka su zauna su yanke magana tare, kowa ya san nauyin da ke kansa, kuma kowa ya yarda a tambaye shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mun gwada wata hanyar a baya. Waɗanda suka kai shekaruna sun ga zamanin samariya, lokacin Janar Seyni Kunce. An yi ayyukan gayya masu yawa, an gina azuzuwa, an share hanyoyi, ba za a musa ba. Amma umurni daga sama yake saukowa, kuma da ƙarfin da ke bayansa ya kau, akasarin aikin ya tsaya. Aikin da mutane suka yi don tsoro ba ya wuce ranar da tsoron ya ƙare.

Misali na farko: itatuwan gona

A farkon shekarun 1980, wanda ya bi hanyar Maraɗi zai ga gonaki tas, babu inuwa, iska na binne shuka da rairayi sai manomi ya sake shuka sau biyu ko uku. Daga nan ga yunwar 1984, wadda mutanenmu suka sa wa suna El Buhari. An kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa daga gandun reno, amma akasarinsu suka mutu. Dalili ɗaya shi ne fari da awaki. Dalili na biyu, wanda ya fi girma, shi ne mutane ba su ɗauki itacen a matsayin nasu ba. A wancan lokaci ana ganin itace na gwamnati ne, wanda ya sare reshe a gonarsa ma yana iya shan tara. To wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara?

A cikin wannan hali ne wani masanin noma ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ake sarewa duk shekara lokacin sassabe ba matattu ba ne, saiwarsu na nan da rai. Idan aka bar toho biyu ko uku masu ƙarfi, aka datse saura, cikin ƴan shekaru sai su zama itace. Shi ne aka sa wa suna sassaben zamani. Sabara, kalgo, aduwa, magarya, da uwa uba gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi ganye da rani, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne.

Dabarar ba ta da wuya kuma ba ta cin kuɗi. Wuyar tana ga tsaro. Idan na bar itace a gonata, wani ya zo da dare ya sare, na yi wahalar banza. Nan ne aikin shugabanci ya shigo. A garuruwa irin Ɗan Saga, cikin gundumar Agiye, jama'a suka zauna da mai gari suka kafa kwamitin sa ido, suka sa manoma da mata da makiyaya a ciki, suka yarda da dokar wa ke da ikon sara, da tarar wanda ya karya. Ma'aikatan gandun daji kuma suka koma masu ba da shawara da goyon bayan dokar gari. Da manomi ya tabbata itacen nasa ne, kuma akwai wanda zai kai wa ƙara, sai ya riƙe shi kamar akuyarsa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ta wannan hanya, da itatuwa kusan miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Mace ta sami itacen girki kusa da gida, dabba ta sami ganye, magidanci ya sami abin sayarwa a shekarar da hatsi bai yi ba.

Ku lura da kyau. Dabara daga baƙo ta zo, sassaucin doka daga gwamnati, tsaro daga gari. Da ɗaya ya janye, da aikin bai kai ko'ina ba.

Misali na biyu: gona da burtali

Babu abin da ke talauta gari da sauri kamar rigimar ƙasa. Dattawa ba su manta abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maraɗi, a watan Oktoba na 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, mafi yawansu mata da yara. Allah Ya jiƙan su, Ya kare mu daga maimaita irinsa.

A shekarar 1993 gwamnati ta fito da dokar tsarin karkara, wadda ake kira Code Rural. Ta tanadi kwamitocin ƙasa tun daga gunduma zuwa kwamin har zuwa ƙauye. Na ƙauye, wanda ake ce wa COFOB, mai gari ne shugabansa, amma ba shi kaɗai ba. Akwai magatakarda, akwai wakilin manoma, wakilin makiyaya, wakiliyar mata da wakilin samari. Aikinsu shi ne su rubuta takardar shaida idan an sayar da gona, ko an yi kyautarta, ko aro, ko jingina, kuma su sa ido kan burtali da makiyaya da mashaya don kada a shuke su. A 2010 kuma aka ƙara da dokar kiwo, wadda ta tabbatar da cewa yawon makiyayi da dabbobinsa haƙƙi ne.

Me ya haɗa wannan da yaƙi da talauci? Talaka da bazawara da maraya su suka fi cutuwa idan babu takarda. Mai ƙarfi yana da bakin magana da shaidu, su kuwa ba su da kowa. Nawa muka gani an ara wa mutum gona, bayan shekara ashirin mai aron da mai gonar duk sun rasu, ƴaƴa suka shiga shari'ar da ta cinye kuɗin da ya fi gonar? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Don haka idan aka ce ku rubuta, ba rashin yarda ba ne, kuma ba al'adar Nasara ba ce.

Amma kwamitin ba ya aiki idan wakilin makiyaya suna ne kawai a takarda, ba a kiransa sai ranar da baƙi za su zo. Inda ake zama da shi tun kafin shuka a bi burtali tare a kafa alama, a kuma yarda da ranar sakin gonaki bayan girbi, a nan ake kwana lafiya.

Misali na uku: akwatin mata

A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari a jihar Maraɗi da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. An gina shi ne a kan adashin da matanmu suka saba. Mata su haɗu, kowane mako kowa ta zuba abin da aka yarda, a ba mai buƙata rance, bayan wa'adi a raba. Ba a kawo masu jari daga waje ba, koyarwa kawai aka yi masu. Yau tsarin ya bazu a ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta.

Na daɗe ina tambayar kaina, me ya sa akwatin mata ke rayuwa, namu na maza yana mutuwa? Da na duba sai na ga su da kansu suke zaɓen shugabarsu. Mai ajiyar akwati daban, masu riƙe makullai daban. Ba a buɗe shi sai kowa na zaune, kuma a gaban kowa ake ƙirga kuɗin da babbar murya. Wadda ta makara ko ta ƙi zuwa tana da tara, ko matar wa ce. Yawancinsu ba su yi lakkwal ba, amma sun fi mu riƙon ƙa'idar amana. Mu ɗauki darasi, ba abin kunya ba ne.

Sai dai a matsayina na malami dole in faɗi gyara. Wasu rukunonin suna sharɗanta ƙari a kan rance. Rancen da aka sharɗanta masa ƙari riba ce, ko da ƙarin cikin akwati zai koma. Akwai mafita: a ba da rance ba ƙari, ko akwati ya sayi kayan da mace take buƙata ya sayar mata da ribar da aka sani zuwa wa'adi, ko a haɗa jari a raba ribar sana'a. Liman ya zauna da su ya nuna masu hanya. Kada ya hau mumbari ya rushe abin da ke ciyar da marayu ba tare da ya kawo madadinsa ba.

Mece ce shawara ta gaskiya?

Mu Musulmi ba baƙi ba ne a wannan babi. Akwai sura guda da ake kira Suratush Shura. A Suratu Ali Imrana kuma Allah Ya umurci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya riƙa shawara da sahabbansa, kuma umurnin ya zo ne bayan Uhudu, wato bayan shawarar da aka bi ta zo da wahala. A Badar, Hubabu ɗan Munzir ya ba da shawarar a canza masauki saboda rijiyoyi, aka bi. Haƙa gwalalo a yaƙin Ahzab shawarar Salmanul Farisi ce, mutumin da ba Balarabe ba. A Hudaibiyya, shawarar Ummu Salama ce ta warware abin da ya tsaya. Idan wanda wahayi ke sauko masa ya saurari saurayi da baƙo da mace, ina ga mai gari, ina ga liman?

Amma ba kowane taro ne shawara ba. Sau da yawa an gama magana a zauren mai gari da dare, da safe a tara mutane a gindin itace don su ce amin. Shawara ta gaskiya tana da alamomi. A sanar da mutane abin da za a tattauna tun kafin ranar. A kira duk wanda abin zai shafa, har da mutanen ruga da na tunga da baƙon da ya daɗe a gari. Idan al'ada ba ta bari mata su yi magana a gaban maza ba, su yi nasu zaman, wakilansu su kawo abin da suka yanke, kuma a ba shi nauyi. Mai gari ya yi magana daga ƙarshe, don idan ya fara ba wanda zai saɓa masa. Wanda ya kawo ra'ayin da bai yi wa manya daɗi ba, kada a riƙe shi a zuci. A ƙarshe a rubuta abin da aka yanke, da boko ko da ajami, a karanta wa kowa.

Wani zai ce wannan yana jan lokaci, kuma yana rage wa sarauta kwarjini. Jan lokaci gaskiya ne. Amma zaman kwana uku kafin a haƙa rijiya ya fi gardamar shekara uku bayan an haƙa ta a ƙofar da rabin gari ba sa so. Maganar kwarjini kuwa, ni abin da na gani shi ne akasin haka. Mai garin da kuɗin famfo ba ya bi ta aljihunsa, ba mai iya zarginsa, kuma ranar da ya tsawata wa mai laifi kowa na bayansa. Wanda ya riƙe komai shi kaɗai, duk abin da ya lalace a kansa yake faɗawa, ko bai ci ba.

Da za a sake ba mu bankin cimaka

Ga abin da zan ce a yi, daga abin da na koya da tsada. Taron gari ne zai zaɓi kwamiti, da mata a ciki, na wa'adin da aka sani. Mai gari da liman kada su riƙe makulli ko kuɗi, su zama iyayen da ake kai wa ƙara, domin alƙali ba ya zama mai ajiya. Ƙofa ta zama da kwaɗo biyu ko uku, makullan a hannun mutane daban, ba ƴan gida ɗaya ba. Ba a buɗewa sai da rana, a ranar da aka yi shela.

A saya da kaka, a sayar lokacin tsanani, da kuɗi hannu, tiya tiya, a kuma ƙayyade abin da gida ɗaya zai iya saya don kada ɗan kasuwa ya kwashe. Mu ɗauki misali don fahimta kawai: an sayi buhu kan jika 20 da kaka, da damina ya kai jika 30 a kasuwa. Idan banki ya sayar kan jika 23, talaka ya sami sauƙi, banki ya fitar da kuɗin dako da maganin ƙwari da ladan mai awo, kuma jarinsa bai ragu ba. Idan aka sayar ƙasa da yadda aka saya don a faranta wa mutane, baɗi babu abin da za a saya da shi. Idan kuma za a ranta hatsi, tiya goma tiya goma ce za a mayar. Sharɗanta sha biyu riba ce. Wanda ba shi da ko na saye, wannan haƙƙinsa yana cikin zakka da sadaka, ba cikin jarin banki ba, kuma a nan ne masallaci ya kamata ya tsaya da ƙarfinsa a lokacin fitar da damin zakka.

Sau biyu a shekara a karanta lissafi a fili: abin da ya shiga, abin da ya fita, da sunan duk wanda ake bi, komai girman rawaninsa. Ɗan kwamiti kuma ya sani kyautar da ake ba shi saboda kujerarsa ba tasa ba ce. Mun san yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa ma'aikacin zakkar da ya dawo yana ware wani abu da sunan kyauta aka ba shi. Wannan ƙa'ida ɗaya ce ga kuɗin famfo, da na injin niƙa, da na kwamitin lakkwal, har da asusun masallaci. Mu limamai mu fara karanta namu lissafin kafin mu nemi na wasu.

Abin da na ce wa ɗalibina

Na ce masa idan ya koma gida hutu, kada ya je da zargi, kada ya tsaya a tsakiyar gari yana nuna dattawa da yatsa. Ya je ya gai da mai gari da ladabi, ya sami liman, ya roƙe su a kira taro a kan abu ɗaya tak, famfon da ya mutu. A tambayi mai gyara nawa zai ci. A yarda da abin da kowane gida zai bayar, da abin da za a riƙa biya a kan ruwa don gyaran gaba. A zaɓi masu riƙewa, mata a ciki, shi kuma ya ba da kansa ya zama mai rubutu tunda Allah Ya ba shi alƙalami. Sannan a ɗauki takarda a je kwamin, a nuna abin da gari ya tara, a nemi cikon. Idan ruwa ya fito, aka karanta lissafin farko ba a ɓoye komai ba, maganar bankin cimaka za ta zo da sauƙi.

Ku ma da ke karanta wannan a birni, kuna aika kuɗi gida don aikin gayya, ku riƙa tambaya cikin mutunci: wa ya zaɓi kwamitin, wa ke riƙe da makulli, yaushe aka karanta lissafi? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ni da na yi wannan tambaya a lokacinta, da tsohuwar nan ba ta koma da ƙwaryarta tana jiran abin da babu ba.

Allah Ya yafe mana abin da muka yi shiru a kansa. Ya ba shugabanninmu, manya da ƙanana, mashawarta na gari, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya tsakanin manomi da makiyayi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma nawa ne.